Muzzammil da Silin Ɗakin Haihuwa

Idan mijin yayata ya shigo gidanka, kada ka yi gaggawar miƙa masa hannu, don ba kai zai fara gaisarwa ba. Sai ya ɗaga kai ya gama gaisawa da silinka, ya duba lafiyar fitilunka ɗaya bayan ɗaya, ya girgiza kai cikin tausayi, sa'an nan ya tuna ashe akwai ɗan Adam a ɗakin. Maigidana ya taɓa raka shi ta'aziyya Maruda. Ana tsakiyar addu'a, kowa ya sunkuyar da kai, shi kaɗai idonsa na sama har da 'yar ƙwalla, mutane suka ce lallai bawan Allah nan akwai imani. Da suka fito sai ya raɗa wa maigidana, "Ka ga yadda anka liƙa musu ƙwan ga a karkace? Wallahi mamacin nan ya yi haƙuri a duniya."

Sunansa Muzzammil, amma daga Gwandu har Birnin Kebbi Injiniya ake ce masa, digirin da ya ba kansa ranar da ya sayi tsanin ƙarfe mai naɗewa. Ni Jidda ce, ƙanwar matarsa Sadiya. Kowa ya san tsakanin mutum da ƙanwar matarsa wasa ne, don haka tun ranar ɗaurin aure na samu izinin gaya masa duk abin da ya zo bakina, kuma ban taɓa yi masa rowa ba.

Ɗan gidan malamai ne a Gwandu, irin gidan da ko akuya ta shiga sai ta fito da 'yar fatiha. Kakansa mai zayyana ne, shi ake kai wa allo idan yaro ya yi sauka, ya ƙawata shi da ja da kore da ruwan ɗorawa. Ubansa ya so ya zama alƙali, in abin ya faskara ko liman. Muzzammil kuwa ya ɗauki zanen kaka, ya bar wa masu karatu karatunsu. Yana gama sakandare ya bi wasu 'yan Togo masu aikin fi-o-fi, farar hodar nan da ake kwaɓawa a yi silin da ita, ya yi ta ɗaukar musu bokiti daga Birnin Kebbi har Abuja. Duk lokacin da ya zo gida sallah gashin idonsa fari fat, tsofaffi suna tambayar wace irin cuta ce ta kama ɗan malam. A can ya koyi jan wayar lantarki kuma, bayan wuta ta jefo shi daga tsani ta koya masa ladabi.

Ba zan ci haƙƙinsa ba, ya iya aikinsa. Zai yi wa silin wani lungu a gefe ya ɓoye fitilu a ciki, ka ga haske na gangarowa bisa bango ba ka san daga ina ya fito ba. A tsakiya sai ya zuba zayyanar kakansa, ya rataya fitila mai 'yan gilasai masu lilo. Manyan Birnin Kebbi masu gina gidajen da ba za su kwana ciki ba layi suke yi a kansa. Aƙidarsa guda ce, kuma yakan faɗe ta ko ba a tambaye shi ba: ƙwan da ido ke gani tsirara yake, mai mutunci kuwa ba ya barin tsiraici rataye a ɗakinsa.

To, sai Allah ya haɗa shi da suruka irin Innarmu. Inna Zulaiha ungozomar asibiti ce, ta yi aikin gwamnati har ta yi ritaya, sa'an nan ta nemi izini ta buɗe ɗakuna biyu jikin gidanmu a Kalgo, ɗaya na awo, ɗaya na haihuwa. Tana da abokiyar aiki, Huseina, kuma wata likita takan leƙo daga Birnin Kebbi. Mata na zuwa daga cikin gari da ƙauyuka har Diggi, wasu bisa babur, wasu a bayan motar shinkafa, da ciki, da ɓari, da ciwon da mace ba ta iya gaya wa mijinta sunansa. Kayan hasken ɗakin haihuwar kuwa ƙwai ɗaya ne tak, a bakin wata doguwar waya mai faci, da ƙugiya a jikinsa. Inna takan jawo shi ta maƙala duk inda take so, bisa ƙusa, ko jikin ƙarfen ƙarin ruwa, ko gefen gado. Muzzammil ya taɓa hango wayar nan ta taga yana wucewa, Sadiya ta ce ranar ko tuwo bai ci da daɗi ba.

Amma ba wayar ce damuwarsa ta gaskiya ba, kuma a nan dole in ajiye wasa. Cikin Sadiya biyu sun zube. A na biyun jini ya ɓalle mata, saura kaɗan mu rasa ta. Da ta samu na uku ya kai wata bakwai, aka kawo ta gida Kalgo goyon ciki. Dukanmu tsoro muke ji, kuma ba mai faɗa. Inna tana jin tsoro, sai ta ƙara yawan share tsakar gida. Ni ina ji, sai na ƙara surutu. Muzzammil ya fi kowa, don shi ne ya ɗauko ta wancan karon daga Gwandu jini na bin kujerar mota. Namiji ne, ba ya shiga ɗakin, ba ya tambaya, ba a gaya masa. Abu ɗaya ya iya a duniya, don haka ya aiko cewa zai yi wa ɗakin haihuwa sabon silin da fitilu, kyauta, kafin matarsa ta shiga.

Yadda saƙo ke tafiya a gidanmu ma abin kallo ne. Muzzammil ba ya magana da Inna sai gaisuwa, ita ma daga bakin zaure, a durƙushe, takalmansa can nesa kamar sun yi laifi. Sadiya 'yar fari ce, Inna ba ta sakin jiki da ita, balle zancen ciki. Saboda haka shi ya gaya wa Sadiya, Sadiya ta gaya mini, ni na gaya wa Inna. Inna ta dubi ƙasa, ta ce, "Allah shi yi albarka." Duk wanda ya san Inna ya san da wani ne ya kawo maganar da ta ce ya tafi ya yi wa kakarsa. Amma kyautar suruki ba a mayar da ita.

Ana gobe zai fara aiki, Inna ta tuna da gadon. Gadon haihuwa ba gadon barci ba ne, yana da ƙarafa biyu a ƙarshensa inda mace ke ɗora ƙafafu, kuma ko jariri ya gan shi ya san abin da ake yi a kai. Inna ta ce sai dai bayan ranta mijin 'yarta ya sa ido a kan wannan abu. Aka kira masu ƙarfi suka fitar da shi, aka kai ɗakin awo aka ci gaba da aiki a can cikin matsi. Aka kwashe tebur, da bokitai, da hotunan bango masu nuna yadda ɗa ke kwance a ciki, aka wanke ɗakin tas aka turara. Da Injiniya ya iso da tsaninsa, sai ya tarar da ɗaki fanko mai ƙamshin turaren wuta. Bai tambayi ina gado ke zama ba, don tambayar ma rashin kunya ce. Inna ba ta zo ta nuna masa ba, don nunawar ta fi tambayar muni. Kowa ya kare mutuncinsa tsaf, shi kuma ya auna ɗakin kamar falon amarya.

Ya yi aiki kamar zai mutu a kai. Ya ajiye kwangilar wani babban mutum, kullum yana tasowa daga Gwandu da sassafe, ya ratsa Birnin Kebbi ya iso Kalgo, ya koma da yamma fari fat. Ranar da ya gama ya kira mu. Jama'a, gani ya kori ji. Zayyana ta zagaye silin kamar allon sauka. A lungunan gefe ya ɓoye fitilu masu canza launi, ka danna rimot su yi shuɗi, ka sake dannawa su yi kore, ka sake su yi ruwan ɗorawa, ka sake su yi ruwan hoda. A tsakiya ga fitila mai 'yan gilasai, kuma don haske ya ninka, ya kewaye ta da faffaɗan madubi. Ya sa sola da batir don kada a dogara da wutar nefa, wannan kam Allah ya saka masa. Tsohuwar wayar Inna kuwa ya cire ta, ya toshe ramin, ya shafe wurin har ba ka gane an taɓa yin tsiraici a nan.

Unguwa ta yi cincirindo. Wata amarya ta aiko tana roƙon a ba ta ɗakin ta ɗauki hotunan biki. Inna ta leƙo bayan ya fita, ta ɗaga kai, ta ga kanta a sama tana kallon kanta, ta ce, "Ikon Allah." Daga nan aka mayar da gado.

Wadda ta fara kwanciya wata baiwar Allah ce daga Diggi, mai 'ya'ya da yawa, wadda haihuwa ba ta ba ta tsoro. Ta hau, ta ɗora ƙafafu, ta ɗaga ido. Ihun da ta yi har makarantar da nake koyarwa an ji. Ta diro ta ja zani ta ce, "Wa ka kallona can bisa? Wallahi ba ni kwantawa ƙarƙashin wanga abu, gara in haihu cikin gona!" Kafin mako ya zagayo labari ya kai Diggi ya dawo da ƙari, wai akwai kyamara cikin madubin, wai ana aika hotunan mata ƙasar waje. Mata suka fara ja da baya. Waɗanda suka daure suka zo kuma, in an kunna shuɗi kowace jaririya sai ta zama kamar ba ta numfashi, in an kunna ruwan ɗorawa kowane jariri na da shawara.

Wannan duk mai sauƙi ne. Babbar matsalar ita ce, inda Inna ke tsayawa ta sunkuya, duk fitilun nan suna bayan ƙeyarta. Tana sunkuyawa inuwarta ta rufe wurin aikin ruf. Ɗaki ya cika da haske, bango na sheƙi, fuskar mai naƙuda na ƙyalli, wuri ɗaya ne kawai a duhu, kuma shi ne wurin da aka zo dominsa. Suka nemi jawo wata waya daga ɗakin awo, ashe Injiniya ya binne komai cikin bango don tsafta, ko soket ɗaya bai bari kusa da gado ba. Sai aka koma tocila. In Huseina na da hannu ta riƙe, in ba ta da shi Inna ta cije wayar salula a baki tana ɗinki.

Madubin kuwa suka samo tsohon zanin gado suka maƙale shi da ƙusoshi suka rufe. Amma kada suruki ya ji kunya, sai aka tsara: yana tasowa daga Gwandu zai kira Sadiya, Sadiya ta gaya mini, ni in gaya wa Huseina, Huseina ta hau kujera ta cire zanin, a ja labule a rufe gado. Ya iso ya durƙusa bakin zaure, ya ce da ni, "Jidda, tambayam min Inna, ya hitilu?" Inna daga bayan ƙyaure ta ce, "Sai godiya." Ya koma gida yana kumbura, ya ɗora hotunan silin a waya, abokansa na zuba masa yabo, dukansu maza.

Kada a ce ban faɗa masa ba. Na faɗa. Na ce, "Injiniya, silinka ya kore muna mata, kuma Inna da baki taka riƙon tocila." Ya bushe da dariya har da buga cinya, ya ce, "Ke dai hassada ka cinki, don naku ɗaki kwano na tsirara." Na sake faɗa ranar wata Laraba, fuska a ɗaure, ya ce wallahi na iya wasan kwaikwayo. A ranar na gane illar zama abokiyar wasa. Shekara da shekaru ina gaya masa kansa ya yi kama da tulu yana dariya, yau na zo da gaskiya ya zuba ta cikin tulun. Haushi ya kama ni ƙwarai, da shi, da Inna, da wannan kunya tamu da za ta bar mutum ya faɗa rijiya don kada a ce an ɗaga murya.

Sadiya ce ta kawo ƙarshen abin, ita da ba ta cika magana ba. Wata rana da hantsi Huseina ta fito daga ɗakin haihuwa jiƙe da gumi, ta zauna bakin rijiya tana gaya mini wata yarinya ta yage wajen haihuwa, sun daɗe suna laluben inda jinin ke fitowa, tocila na rawa, batirinta na mutuwa. An samu an ɗinke, amma da ƙyar. Ba mu lura Sadiya na bayan labule ba. Watanta ya riga ya kama a lokacin. Ranar na ga ba ta taɓa abincinta ba.

Ranar Juma'a Inna ta tafi suna, Huseina ba ta nan, ba mai naƙuda. Muzzammil ya zo bayan masallaci da farar shadda da hula zanna. Sadiya ta ɗauko makulli ta miƙa mini ta ce in buɗe, in tsaya a ƙofa kada kowa ya shigo. Ba ta sa an cire zanin ba, ba ta ja labule ba. Na tsaya a ƙofa kamar yadda aka ce, amma ba wanda ya ce in rufe idona.

Ya shiga, ya ɗaga kai kamar kullum, ya ga zanin gado mai hoton furanni maƙale bisa madubinsa. Ya ce, "Wane maƙiyin Allah..." sai idonsa ya sauka kan gadon. Ya juya zai fita.

Sadiya ta ce, "Malam, cire zanin ga." Ya hau kujera ya cire. Ta ce, "Hau gadon ka kwanta."

"Subhanallahi! Sadiya, lahiya kike?"

"Hau dai. Ni ka shirin hawa nai, ba ka mutuwa don ka riga ni."

Ya hau, da shaddarsa da komai. Ta ce ya ɗora ƙafafu bisa ƙarafan. Ya ɗora. Ta danna rimot. Injiniya Muzzammil, jikan mai zayyana, ya ɗaga ido ya ga wani ƙato kwance a sama, ƙafafu a wage, hula ta faɗi, launin ruwan hoda na wasa a fuskarsa. Na cusa mayafi a baki don kada a ji ni. Bai daɗe ba ya rufe ido da hannu ya ce, "Kashe, don Allah kashe."

Ba ta kashe ba. Ta ce ya sauko ya tsaya a ƙarshen gadon, tsakanin ƙarafan. Ta zaro allura da zare daga bakin zaninta ta ajiye bisa katifar, ta ce, "Nan Inna ka tsayawa. Duƙa ka zura min zaren ga, kak ka ɗaga hannu sama." Ya duƙa. Inuwar kansa ta rufe allurar. Ya karkata dama, inuwa ta bi shi. Ya karkata hagu, ta bi shi. Mutumin da ke ɗaura siririyar waya yana tsaye bisa tsani ya yi ta dungurin allura kamar makaho.

Sadiya ta ce, a hankali, "Wancan karon da kak kawo ni, nan anka kwantar da ni. Huseina tad duba, Inna na riƙe da ƙwan nan da kac cire. Da shi anka ga wurin. In wanga karon ya zo awa wancan, da mi za a gani?"

Dariyar da ke bakina ta mutu. Ya daɗe a duƙe bai ɗago ba, allura na hannunsa. Da ya ɗago bai dubi silin ba, ita ya duba, kuma ban taɓa ganin tsoro tsirara a fuskar namiji kamar na ranar ba. Ya ce, "Don mi ba a hwaɗa min ba?" Na buɗe baki zan ce wani abu, Sadiya ta harare ni na rufe.

Washegari da safe muka ji ƙarar guduma. Bai aiko saƙo ba, bai nemi izini ba. An sake matsar da gado ɗakin awo, amma wannan karon shi da kansa ya kama gefe ɗaya, bayan ya zana wurin ƙafafunsa da alli a ƙasa. Ya sauke fitila mai gilasai, ya ɓamɓare madubin, ya fasa tsakiyar zayyanar da ya fi alfahari da ita. Inna ta fito ta ga farar ƙura na tashi, ta gane an ga gado, an san komai. Na zaci ƙasa za ta tsage ta shige. Ta koma ciki, can sai ga ta ta dama fura ta ce in kai masa.

Tambayoyin da ya kamata ya yi tun farko, sai yanzu ya yi su, ga Huseina. Yana fuskantar bango, tana fuskantar taga, kamar masu gaba. Daga wane gefe kuke son haske? Nisan me? In kun jawo shi da safar hannu mai jini, da me kuke gogewa? Yana tambaya gumi na zuba, tana amsawa tana danne dariya. Daga nan ya tafi wurin wani mai walda a bakin tasha, suka ƙera wani hannu na bututun ƙarfe mai gwiwa biyu, da sifirin na tsohon babur don ya tsaya inda aka bar shi. A bakinsa ƙwai fari guda, marar zafi, da mariƙi. Ya kafe shi a silin daidai saman alamar allin, ya haɗa shi kai tsaye da batir, aka mayar da gado mazauninsa. Na ce masa, "Injiniya, wanga abu ya yi kama da ƙahwar hwara." Bai yi dariya ba, ya ce in ja in gani ko yana tsayawa. Na ja, ya tsaya.

Munin abin ba a magana. Tsakiyar silin rami ne wangame, ana hango katako da kwano, gefe kuma ragowar zayyana kamar an ci an rage. Ya ce zai toshe ramin ranar Litinin. Naƙuda ba ta jira Litinin ba.

Washegari da hantsi abin ya tashi. Huseina ta shiga da Sadiya. Inna, da yake 'yar fari ce, ta ɗauko faifai ta zauna tsakar gida tana tsintar shinkafa, kamar wadda ba ta san ana wani abu a gidan ba, sai dai tsakuwa take mayarwa cikin shinkafar tana zubar da ƙwayar. Muzzammil na waje gindin dogon yaro, kusa da motar da ya tanada tun jiya, hodar silin ba ta gama fita daga gashinsa ba. Wajen azahar muka ji kukan jaririya. Na yi guɗa. Ban rufe baki ba sai muka ji Huseina ta ce, "Inna!" Ba irin kiran da ake yi don a zo a ga jika ba ne.

Faifan ya kife. Ban san Inna na iya gudu ba sai ranar. Ta ja ni ciki ta danƙa mini ledar ƙarin ruwa ta ce in ɗaga sama in matsa. Abin da na gani a ƙasan gadon ba zan kwatanta ba. Leɓen Sadiya ya yi fari, idonta na lumshewa. Huseina ta ce ta yi allurar, ta murza cikin, mahaifa ta tsuke, amma jini bai tsaya ba. Inna ta zura safar hannu, ta tsaya tsakanin ƙarafan nan, a gaban 'yar da ko ido ba ta cika haɗawa da ita ba. Ta miƙa hannu sama ba tare da ta duba ba, ta kamo mariƙin ta jawo. Abin ya sauko ta gefen kafaɗarta ya tsaya cak. Ta duƙa. Ba inuwa.

"Auduga," ta ce. "Ƙara. Riƙe nan. Ga shi can ciki, bakin mahaihwa na. Ba ni zare."

Ban san tsawon lokacin da aka ɗauka ba, hannuna dai ya mutu a sama ban sani ba. Ina ta karanta duk abin da ya zo bakina, har addu'ar shiga kasuwa. Can Inna ta miƙe, ta tsaya tana kallo, ta sake kallo, sa'an nan ta ce wa Huseina a shirya ta, za a kai ta Birnin Kebbi a ƙara mata jini. Ta taɓa goshin Sadiya da bayan hannu, sau ɗaya, ta fita.

Na biyo ta ina jiran ta ba ni saƙon da zan kai waje. Ta wuce ni. Ta ratsa zaure, ko mayafi ba ta ɗauka ba, ta nufi gindin dogon yaro inda maƙwabta suka fara taruwa. Muzzammil ya gan ta tafe, ya zube ƙasa yana kiciniyar cire takalmi. Bai tambayi mace ce ko namiji ba. Bakinsa kawai ke motsi.

Inna ta tsaya a kansa, ta dube shi ido cikin ido, ta ce, "Bar takalmin. Tana da rai. Na ga wurin, na ɗinke. Tashi mu kai ta."

Ya yunƙura zai tashi, ya kasa. Ya sake yunƙurawa, ya koma ya zauna, sai kuka, irin na yara, da sauti. A gaban duk mutanen nan Inna ta sunkuya ta kama hannun rigar surukinta, ta ɗaga shi tsaye, ta ja shi zuwa mota.